Sabar cibiyarmu tana sandarewa ba ta barin shaida: neman taimako kan kdump

Litinin da dare

Aminu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da matsalar da ta hana ni sukuni sati na uku ke nan. Ni ke kula da wata ƙaramar cibiya a nan Samaru inda yara ke zuwa atisayen jarrabawar JAMB a kwamfuta. Kwamfutoci 40 ne, dukkansu suna ɗauko tambayoyi daga saba guda (babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita), mai Ubuntu 22.04, RAM ɗinta 16GB. Sau huɗu ke nan tana sandarewa ana tsakiyar aiki. Fanka na juyawa, fitilar gaba a kunne, amma allo ya tsaya cak, ko Caps Lock na danna fitilarsa ba ta motsi. Dole sai na danne maɓallin wuta. In ta tashi na duba `journalctl -b -1` sai in ga rubutun ya yanke kawai, babu ko layi ɗaya na kuskure. Ranar Asabar wata yarinya da mahaifinta ya kawo tun daga Giwa ta kai tambaya ta 150 cikin 180 abin ya faru. A gabana ta kifa kai a kan tebur tana kuka. Na saka `linux-crashdump` jiya, wato manhajar kdump mai ajiye shaida in inji ya faɗi, na duba `/var/crash` bayan ta sake yi yau da rana, wayam. Me na rasa?

Abba: Wa alaikumus salam Yaya Aminu. Anya ba wuta ba ce? Nan Zariya in aka ce kwamfuta ta mutu ni wuta nake fara zargi. Lokacin da inbata ke karɓa daga janareta akwai ɗan giɓin nan.

Malam Yakubu: Abba, da wuta ce da ta mutu gaba ɗaya ko ta sake tashi da kanta. Ya ce fanka na juyawa allo a tsaye. Ni abin da zan tambaya, Aminu, yaushe rabon da ka buɗe cikinta? Wanda duk ya kawo min inji shago bayan hunturu, ƙurar da nake cirowa daga bayan fankar furosesa kamar auduga take, sai ka ɗago ta da yatsa a dunƙule. Ga shi mun shiga zafi.

Aminu: Malam Yakubu na hure ta da bulowa makon jiya, na sake man furosesa. Zafinta bai wuce 60 ba ko ɗaki ya cika.

Injiniya Garba: Aminu, sannu da ƙoƙari. Kafin mu shiga zato, bari mu gyara abin da zai ba mu shaida. Saka manhajar kawai ba ya nufin tana aiki. Turo mana abin da waɗannan suka nuna:

`cat /proc/cmdline`
`cat /sys/kernel/kexec_crash_loaded`
`cat /sys/kernel/kexec_crash_size`
`kdump-config show`

Don waɗanda ba su saba da abin ba, ga yadda yake. Lokacin da inji ke tashi, kanel, wato zuciyar tsarin Linux, yana killace wani yanki na RAM ya ce ba mai taɓa shi. A cikin wannan yanki ake loda kanel na biyu, yana nan kwance yana jira. Ranar da kanel na farko ya faɗi, maimakon inji ya koma BIOS komai ya goge, sai wata hanya da ake kira kexec ta miƙa ragama kai tsaye ga na biyun. Shi kuma yana ganin RAM ɗin wanda ya mutu a matsayin fayil, `/proc/vmcore`, sai ya kwafe shi zuwa diski sannan ya sake tada injin. Tun 2005 wannan tsari na kdump yake cikin Linux, daga kanel 2.6.13. Girman yankin da aka killace shi ne `crashkernel=` da ke layin da GRUB, manhajar da ke tada inji, ke ba kanel.

Aminu: Ranka ya daɗe ga su. A ƙarshen layin farko akwai `crashkernel=512M-:192M`. Na biyu ya ba ni 1. Na uku 201326592. Na huɗu a ƙasa ya rubuta `ready to kdump`. Shi ya sa na ɗauka komai ya kammala.

Injiniya Garba: Madalla, an killace, an loda. Ma'anar wancan rubutu, duk injin da RAM ɗinsa ya kai 512M zuwa sama a ware masa 192M, lambar nan mai tsawo kuwa 192M ce a lissafin bayit. To amma ka taɓa faɗar da ita da gangan ka ga ko za ta rubuta?

Aminu: A'a wallahi. Tsoro nake ji.

Malama Zainab: Wannan tsoron shi ne ya sa mutane da yawa ke zaune da kdump da bai taɓa aiki ba. Ni a wurin aikina ba na karɓar saba daga hannun kowa sai na faɗar da ita da hannuna na ga fayil a `/var/crash`. Ba a fafe gora ranar tafiya, Malam Aminu. Yanzu dare ne, ba yaro ko ɗaya a ɗakin. Yi `sync`, ka tsayar da rumbun bayanan tambayoyin, sannan a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan injin:

`echo c > /proc/sysrq-trigger`

Ka tsaya a gaban allon da wayarka a hannu kana ɗaukar bidiyo, don rubutun na wucewa da sauri.

Abba: Anti Zainab ai sai ya fara yin `echo 1 > /proc/sys/kernel/sysrq` ko? Haka nake gani a ko'ina.

Malama Zainab: Haka ake yawan rubutawa, kuma ba ya cutarwa, amma ba dole ba ne. Wannan lamba hanyar kibod kaɗai take tsarewa. Root yana iya rubutawa cikin `sysrq-trigger` ko nawa take. Inda za ta yi mana amfani daban ne, zan dawo kai.

Talata da safe

Aminu: Na yi jiya wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Allo ya cika da rubutu, na ga kanel na biyu ya fara tashi, sai ya tsaya. A bidiyon na ga layukan `Out of memory` sannan shiru. Na jira minti ashirin na kashe da hannu. Babu fayil.

Injiniya Garba: Alhamdu lillahi da ka gani da idonka. 192M ta yi wa injinka kaɗan. Kanel na biyu yana buƙatar wurin kansa, da initrd ɗinsa (ƙunshin fayilolin da yake tashi da su) bayan an warware shi, da direbobin diski da na netwok, da makedumpfile mai yin kwafin. Wasu katunan diski da na netwok suna kama RAM mai yawa tun suna tashi. Mai da ita 512M.

Abba: Injiniya, 512M ba ɓarna ba ce? Rabin giga fa zai zauna ba ya aikin komai har abada. Ni a laftof ɗina mai 4GB ba zan iya ba.

Injiniya Garba: A laftof ɗinka ni ma ba zan ce ka yi ba. Amma 512M cikin 16GB kashi uku ne da ɗan ɗoriya cikin ɗari. Aminu, `free -h` ɗinka nawa yake nunawa in yara sun cika?

Aminu: Ba ta taɓa wuce 6GB ba.

Injiniya Garba: To ka gani. In ta yi aiki a 512M kana so ka rage, sai ka sauko 384M ka sake gwadawa. Daga sama ake saukowa.

Malama Zainab: Mu da ke kan dangin Red Hat, a da `crashkernel=auto` muke sakawa mu manta. Daga RHEL 9 an daina, an koma rubuta zango-zango, `1G-4G:192M,4G-64G:256M,64G-:512M`, kuma akwai `kdumpctl estimate` da ke ba da ƙiyasi. Duk da haka na ga injin da ƙiyasin bai ishe shi ba sai da na ƙara. Gwaji ne kawai ke raba gardama.

Aminu: Na gyara a `/etc/default/grub`, na yi `update-grub`, na sake tada ta. Amma `kexec_crash_size` har yanzu 201326592 yake nunawa. Abin ya ɗaure min kai.

Injiniya Garba: Duba `/proc/cmdline` da kyau. Ina kyautata zaton `crashkernel` sau biyu za ka gani.

Aminu: Haka ne kuwa! Nawa na 512M yana gaba, tsohon yana bayansa.

Injiniya Garba: In sun zo biyu kanel na ƙarshe yake ɗauka. Manhajar tana da nata fayil, `/etc/default/grub.d/kdump-tools.cfg`, shi ake karantawa daga baya, sai ya liƙa nasa a wutsiya. Cire wanda ka saka, ka gyara a can, ka sake `update-grub`. Lambar da kake nema ita ce 536870912.

Talata da dare

Aminu: Jama'a ta yi! Na faɗar da ita, kanel na biyu ya tashi, na ga lissafin kwafi yana hawa har ɗari, ta sake tashi da kanta. Duka bai kai minti uku ba. A `/var/crash` akwai folda mai kwanan wata, ciki fayil biyu, ɗaya `dump` ɗaya `dmesg`. Amma `dump` ɗin 310MB ne kacal. Ba 16GB ya kamata ya zama ba? Ko ya yanke ne?

Malama Zainab: Bai yanke ba. makedumpfile yana aiki da `-c -d 31`. `-c` matsewa ne. 31 kuma jimlar lambobi biyar ce, 1 da 2 da 4 da 8 da 16, kowace tana cewa a zubar da wani kaso: shafukan da sifili ne zalla, ma'ajiyar wucin gadi ta fayiloli iri biyu, bayanan manhajojin masu amfani, da shafukan da ba kowa a ciki. Abin da ya rage na kanel ne, shi muke so. A garinmu ma wannan rahama ce, domin in da 16GB za a rubuta batirin UPS na iya ƙarewa ana tsakiyar kwafi.

Sai dai ina roƙonka kada ka turo fayil ɗin `dump` cikin zauren nan ko wani wuri a buɗe. Ko da 31, abin da ke ratsawa ta kanel a lokacin yana iya kasancewa ciki, sunayen yara, lambobin wayar iyayensu, har makullan sirri. Amanar mutane ce. `dmesg` ɗin ya isa a fara da shi.

Aminu: Na kiyaye Malama. To yanzu in jira ta sake sandarewa ke nan?

Injiniya Garba: Tukuna. Rabin aiki aka yi. Ka tuna ranar Litinin kdump na lode amma ko yunƙurin tashi ba ka ga ya yi ba, allo tsayawa kawai ya yi. Dalili, shi ba ya motsi sai kanel ya ayyana cewa ya faɗi, abin da ake kira `panic`. Injinka kuwa sandarewa yake yi, bai san ma ya mutu ba. Dole mu gaya masa irin yanayin da zai ɗauka a matsayin faɗuwa. Buɗe `/etc/sysctl.d/60-kdump.conf` ka zuba:

`kernel.panic_on_oops = 1`
`kernel.softlockup_panic = 1`
`kernel.hardlockup_panic = 1`
`kernel.hung_task_panic = 1`
`kernel.panic = 10`

sannan `sysctl --system`. Ka tabbatar kuma `/proc/sys/kernel/nmi_watchdog` yana kan 1.

Malama Zainab: Injiniya, da girmamawa, na yarda da huɗu ban yarda da ɗaya ba. `hung_task_panic` haɗari ne a wurin Malam Aminu. Duk aikin da ya maƙale yana jiran diski na daƙiƙa 120 zai sa a kifar da injin gaba ɗaya. Na taɓa gani da idona, an soka tsohon diski na waje ana kwafin ajiya, diskin yana jan ƙafa, saba lafiyarta lau ta kife. A ce haka ta faru yara 40 na rubutu, mu muka jawo musu da hannunmu.

Injiniya Garba: Malama, ai yanzu ma kifewa take yi, kuma a banza, ba mu samun komai. In maƙalewar diski ce ke kashe ta fa? Mun bar ƙofa ɗaya a rufe, sai mu sake jiran sati.

Malama Zainab: In diski ne da alamar ta bambanta. Kibod zai ci gaba da amsawa, `ping` zai dawo, sai dai umarni su riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ko fitilar Caps Lock ba ta motsi. Wannan ya fi kama da furosesa da ya kulle a cikin kanel. Kuma gargaɗin aikin da ya maƙale ana buga shi a `dmesg` ko ba a kifar da inji ba.

Injiniya Garba: Ana buga shi, amma in diskin ne ya maƙale ina za a rubuta shi har mu gani gobe?

Malama Zainab: Nan kam kana da gaskiya. To a yi netconsole, saƙonnin kanel su riƙa fita ta waya zuwa wata kwamfuta a ɗakin. Yana da guda 40. Ni dai ba zan sa wannan layi a injin da ake jarrabawa a kai ba.

Malam Yakubu: Ni ba gwanin wannan fanni ba ne, amma in ana tambayar mai shago, abin da zai kashe inji da kansa gaban kwastoma a bar shi sai an rasa yadda za a yi.

Injiniya Garba: Shi ke nan, na sauko. Aminu, cire `hung_task_panic` a yanzu. In ta sake sandarewa ba fayil, za mu mayar da shi, Malama kuma ta yarda.

Malama Zainab: Na yarda. Sannan ga abin da na ce zan dawo kai. Ubuntu na barin `kernel.sysrq` a 176, wanda ya ba da damar `sync` da mayar da diski karatu kawai da sake tada inji, amma bai haɗa da faɗarwa ta kibod ba. Ƙara 8 ya zama 184, ka sa a `60-kdump.conf` ɗin nan. In ta sandare, kafin ka kai hannu maɓallin wuta, danna Alt da SysRq da C tare. In kanel na da sauran numfashi zai faɗi ya bar mana fayil. In kullewar ta yi tsanani kibod na USB ba zai isa gare shi ba, a nan sai mai gadin NMI, wato `nmi_watchdog` ɗin da ke gano furosesan da ya kulle.

Abba: Tambaya don Allah. `kernel.panic = 10` ɗin ba zai sake tada injin ana tsakiyar kwafi ba? Kwafin ya ɗauki kusan minti uku.

Injiniya Garba: Tambaya mai kyau, Abba. A'a. In kanel na biyu na lode, ana miƙa masa ragama kafin a zo kan wannan ƙidaya. Daƙiƙa goman na ranar da kdump bai lodu ba ne, don kada inji ya kwana a tsaye ba kowa kusa.

Alhamis da yamma

Aminu: Assalamu alaikum. Ta faɗi yau ƙarfe 12:40, yara 31 a ɗaki. Wannan karon ban taɓa komai ba, da kanta ta kwafe ta dawo, kafin yaran su gama ƙorafi shafin ya buɗe, amsoshinsu na nan. Na buɗe `dmesg` hannuna na rawa. Kusa da ƙarshe akwai `BUG: kernel NULL pointer dereference`, a ƙasa `Tainted: G OE`, layin `RIP` kuma da jerin `Call Trace` duk suna ɗauke da sunan direba guda a cikin baka. Direban ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB ne da na saya wata biyu da suka wuce don sabar ta riƙa jan intanet daga wayata in zan sabunta tambayoyi. Bai yi aiki da kansa ba, sai na samo direbansa a intanet na harhaɗa da dkms, manhajar da ke haɗa direbobin waje da kanel. Tun ranar yake soke a baya, na ma manta da shi.

Malama Zainab: Alhamdu lillahi. Harufan nan ma sun faɗa. O na nufin an loda direban da ba daga cikin kanel na asali yake ba, E kuma ba shi da sa hannu. Ga yadda nake ganin abin: a da in ya yi wannan kuskure kanel na kashe aikin da ya jawo shi ya ci gaba da tafiya da rauni, wataƙila da wani kulle a hannun wanda aka kashe, sauran su taru suna jiransa har komai ya tsaya kafin rubutun ya kai diski. `panic_on_oops` ne ya kama shi a daidai lokacin.

Abba: To an gama ke nan. A zare shi a jefar.

Injiniya Garba: A zare shi, amma ban ce an gama ba. Fayil ɗaya ne a hannunmu. RAM mai lahani na iya ɓata adireshi a ko'ina, wanda tsautsayi ya faɗa kansa sai sunansa ya fito a `RIP` alhali ba shi ya yi ba. Na fi karkata ga direban, kashi mafi yawa ma, tunda lokacin da aka saka shi ya yi daidai da fara matsalar. Sai dai injin nan na hannu ne ko sabo?

Aminu: Na hannu ne ranka ya daɗe.

Malam Yakubu: To a bar memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana a kai. Yana nan cikin jerin GRUB in an saka shi, in bai fito ba a tada shi daga filashi. Kada ka tsaya a zagaye ɗaya, na sha ganin RAM ta wuce na farko ta faɗi a na uku bayan ta ɗau zafi. In ya nuna ja ko layi ɗaya ne, kawo min ita Sabon Gari mu gwada sandunan ɗaya-ɗaya.

Aminu: Daren Juma'a zan yi, in Allah ya sa batir ya kai. Injiniya, shi babban fayil ɗin fa, da me ake buɗe shi?

Injiniya Garba: Da manhajar `crash`. Amma tana buƙatar `vmlinux` mai alamomin bincike wanda ya yi daidai da lambar kanel ɗinka harafi da harafi, kunshin da sunansa ke ƙarewa da `dbgsym`, daga `ddebs.ubuntu.com`. Yana da nauyi sosai, zai ci maka data. In ka shiga, `bt` zai nuna inda ya faɗi, `log` saƙonnin kanel, `ps` ayyukan da ke gudana, `mod` direbobin da ke lode. Ina so mu duba ko adireshin da ya ɓaci sifili ne tsantsa ko kuwa adireshi ne mai kyau da ɗigo ɗaya ya juye, don wannan na biyun RAM yake nunawa. Turo min `uname -r`. Ina da intanet mai ƙarfi a ofis, zan sauke in sa a filashi.

Aminu: Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na tura ta akwatinka. Na zare Wi-Fi ɗin, na cire direban da `dkms remove`, na ja waya daga rawuta. Saitin kdump kuma na bar shi yadda yake.

Malama Zainab: Ka bar shi. Abu ɗaya kawai, duk sanda kanel ya sabunta ka leƙa `kexec_crash_loaded` ka ga 1, kuma ka riƙa duba kada `/var/crash` ya cika diskin.

Abba: Injiniya, ranar da za ku buɗe fayil ɗin zan iya zuwa in kalla? Ban taɓa ganin ana yi ba. Ina da lacca a Samaru har ƙarfe biyu ranar Asabar.

Injiniya Garba: Zo mana. Aminu, yaranka na tashi ƙarfe nawa?

Aminu: Rukunin ƙarshe na fita ƙarfe uku da rabi.

Injiniya Garba: To bayan La'asar. Zan taho daga Tudun Wada da filashin. Abba ka zo da laftof ɗinka, a kansa za mu buɗe, kada mu taɓa sabar. Aminu ka ajiye mana hoton allon memtest ɗin ko me ya nuna.